Gefen Abayar Yaya

A gidanmu akwai doka ɗaya da ba a musu a kanta, kuma Inna ce ta kafa ta. In an shiga cunkoso, ki riƙe gefen abayar Yaya. Kada ki sake ta, kada ki wuce ta. Tun ina 'yar shekara shida nake jin wannan magana, lokacin da Inna ke dafa wa alhazan Najeriya tuwo da miyar kuka a mausim, wato kwanakin aikin Hajji, mu kuma muna kai musu. Yaya ta ɗora kula a ka, ni in kama gefen abayarta da hannun dama, mu kutsa cikin mutane. Ba na ganin komai sai baƙin yadi da duga-dugan ƙafarta. In ta yi dama in yi dama, in ta tsaya in tsaya. Ban taɓa ɓata ba ko sau ɗaya, alhali 'ya'yan maƙwabta kusan kowace shekara sai an yi cigiyar wani.

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta ba ni. Ita ce 'yar fari, ni ce auta, maza uku a tsakaninmu. A Makka aka haife mu duka, a unguwar Rusaifa, kakanmu ne ya zo daga Kano bai koma ba. Inna ba ta kiran sunan Yaya saboda kunyar 'yar fari, sai dai ta ce "yayarki" ko "waccan". Ni kuwa Auta ake ce min har yau, ko da yake na daɗe da fin Yaya tsawo.

Yaya ce ta kawo keke gidanmu. Da aka fara barin mata su tuƙa mota su hau keke, ita ce ta farko a layinmu da ta yi duka biyun. Lokacin tana da 'ya'ya biyu, tana aiki a wani kantin magani, daga safe zuwa la'asar a tsaye bayan kanta. Ranar da ta sauke keken daga bayan mota, matan layin suka leƙo ta taga kamar an kawo amarya. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ikon Allah! Uwar 'ya'ya da sikel?" Haka ake kiran keke a bakin mutanen nan. Yaya ta ce, "E, Hajiya, in kina so in ɗan ɗauko ki." Ta sha surutu ba kaɗan ba a wannan shekarar. An kai ƙararta wajen mijinta, an kai wajen Baba, har an ce ta zubar da mutuncin gida. Ita kaɗai ta shanye duk wannan. Ni da na fara hawa bayan shekara biyu, ba wanda ya ce min uffan, sun riga sun gaji.

Ban shiga harkar don sha'awa ba, gaskiya. Na gama karatu ina zaune, ba aiki, sai barci da waya. Wata Juma'a da asuba Yaya ta zo ta yaye min bargo ta ce, "Tashi, malalaciya. Kin kusa zama katifa." Ta ba ni tsohon kekenta, ita ta sayi sabo.

Arfa muke zuwa. Wanda bai san Arfa ba sai ranar tsayuwa ba zai yarda da abin da zan faɗa ba: sauran kwanakin shekara fili ne fetal, ba kowa. Tituna masu faɗi, kwalta sumul, sun miƙe har Muzdalifa, ba mota ba mutum, sai bishiyoyin darbejiya a jere da turakun feshin ruwa a kashe. Wani lokaci mu ga motar masu ziyara ta nufi dutsen Arfa, ko karnuka biyu sun bi mu da haushi har su gaji. Mukan ajiye mota bayan sallar asuba, mu sa hular kwano a kan ɗankwali, mu yi ta zagaye har rana ta fara cizo. In mun dawo mu tsaya mu sayi tamis, burodin nan mai faɗi, da ful, wato dafaffen wake, mu ci a mota kamar waɗanda suka kwana uku ba abinci.

Yaya a gaba, ni a baya, ba wanda ya tsara haka, haka kawai muka tashi. Tayata ta gaba tana dab da tayarta ta baya, tazarar ba ta wuce tafin hannu ba. In ta kauce wa rami in kauce, in ta sauya giya in ji ƙarar in sauya. Ban san cewa wannan wani abu ne da ake koya ba. Ban kuma san cewa na gaba shi ke shan iska duka, na baya yana fake ne, ƙarfin da yake kashewa bai kai na wancan ba. Ni dai na ga ba na gajiya kamar Yaya, na ɗauka ƙuruciya ce.

Wata ƙungiya a Jidda ta buɗe ɓangaren mata, Yaya ta rubuta sunayenmu ba ta ko tambaye ni ba. Mai horar da mu wata 'yar Tunisiya ce, siririya, mai faɗa, ta taɓa yin tsere a ƙasarsu. Kabtin muke ce mata. Ranar farko ta haɗa mu wajen mu ashirin ta ce mu yi tafiya a gungu, kafaɗa da kafaɗa. 'Yan matan Jidda masu kekuna masu tsada sai ihu suke, wannan ta ce an matse ta, waccan ta taka birki ba dalili. Ni abin dariya ya ba ni. Wanda ya ratsa hanyar jifa da kular tuwo, mata ashirin ne za su tsorata shi? Na shige tsakiyarsu na nemo tayar Yaya na manne. Da muka tsaya Kabtin ta zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ya koya miki bin taya haka?" Na ce ba kowa. Yaya ta ce, "Inna ce."

Tseren farko da muka shiga a wajen Jidda aka yi shi, da sassafe, a kan wani titi da aka rufe. Zagaye shida ne. Kabtin ta ce kowa ta yi ta kanta, tana so ta ga abin da ke ƙafar kowa. Na yi abin da na saba. Yaya ta yi ta yanka iska, ni ina bayanta hankali kwance, har muka rage mu bakwai a gaba. Da aka hango layin ƙarshe kowa ta miƙe tsaye a kan feda. Biyu suka fice mana. Na taka ni ma, sai na ji keken ya tafi da ni fiye da yadda na zata, tayata ta gaba ta kai daidai ƙafar Yaya, tana shirin wuce ta.

Na taɓa birki. Ban yi shawara da kaina ba, wallahi, yatsuna ne suka yi. Yaya ta zo ta uku, na zo ta huɗu.

An ba Yaya lambar tagulla. Ta rataya ta a wuya har gida, ta shiga wajen Inna da ita, 'ya'yanta suna tsalle. Maƙwabciyar nan mai cewa "uwar 'ya'ya da sikel" har da ita a masu zuwa barka. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na wannan rana ba, ni ma kuma daɗi nake ji. A raina na ce ai haka ya dace.

Kwana biyu bayan nan Kabtin ta turo bidiyon ƙarshen tseren a wayar kowa. Ina kicin ina wanke shinkafa Yaya ta shigo ko sallama babu. Ta ajiye wayar a kan teburin kicin ta ce, "Kalli nan." Ta tsayar da hoton daidai inda yatsuna biyu suka lanƙwasa.

"Mene ne wannan?"

Na ce, "Yaya, na ga kamar za mu gogi juna ne."

"Ƙarya kike. Dube ni. Birki kika taɓa."

Na kashe famfon da ke zuba a kan shinkafa.

"Wato tausayina kika ji? Tsohuwa ta wahala, bari a bar mata? Na shiga gaban Inna da abin nan a wuya, na nuna wa 'ya'yana, ashe sadakar Auta ce!"

Raina ya ɓaci ni ma, don ba ni da haƙuri in an yi min tsawa. Na ce, "To me kike so in yi? Tun da aka haife ni ake ce min kada in wuce ki!"

"A Mina aka ce miki! Nan Mina ne?"

Ta ciro lambar daga jakarta ta dangwarar a gefen tukunya. Ta ce, "Taki ce, ki ɗauka. Kuma wallahi in kika sake yi min haka, kada ki ƙara ce min Yaya." Ta fita. Lambar ta kwana uku a wurin, ba wadda ta taɓa ta, har Inna ta gaji ta jefa ta cikin durowar cokula. Tana nan har yanzu.

Ba a yi wata biyu ba ƙungiyar ta ce za ta kafa tawagar mata ta ƙwararru, masu albashi, waɗanda keke zai zama shi ne aikinsu, a riƙa fita da su tsere har ƙasashen maƙwabta. Mutum shida ake so. Biyar an riga an san su, 'yan Jidda ne da suka daɗe a ciki. Kujera ɗaya ta rage. Kabtin ta kira mu mu biyu bayan atisaye ta ce, "Ɗayarku ce. Ni ba zan shiga tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ba. Akwai tsere nan da mako shida, wadda ta riga 'yar'uwarta taka layi ita ce tawa." Sannan ta nuna ni da ɗan yatsa ta ce, "Ke kuma zan sa ido a kan hannunki."

Na san abin da wannan kujera take nufi ga Yaya. Shekararta talatin da biyar. Ba za a sake buɗe mata irin wannan ƙofa ba, ita ma ta sani. Shekaru tana tashi kafin asuba, ta haɗa wa yara abin makaranta, ta yi Arfa, ta dawo ta tsaya a kanti har la'asar da ƙafafu a kumbure. Ita ta sha zagin, ita ta koyi gyaran faci a bidiyo ta koya min. Ni kuwa shekarata ashirin da huɗu, kowa cewa yake ina da lokaci. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tun ranar da na ji keken nan ya tafi da ni, na kasa mantawa. Ina son kujerar. Ina son ta ƙwarai, kuma ina jin kunyar son da nake mata.

Washegari muka je Arfa kamar kullum. Muka sauke kekuna, na tsaya ina jiran ta wuce in bi. Ta ce, "A'a. Ke yi Muzdalifa, ni zan zagaya nan. Ƙarfe bakwai a mota." Ranar na san mece ce iska. Ashe duk shekarun nan akwai wata iska da ke tasowa daga wajen duwatsu da hantsi, tana tura mutum baya kamar ana riƙe masa riga, ni ban taɓa gamuwa da ita ba. Kafin in kai rabin hanya cinyoyina sun ɗauki wuta. Na tsaya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa na sha ruwa, na zagi iskar, na zagi keken, na zagi kaina. Sai na tuna Yaya ta yi shekara uku tana shan wannan a gabana ba ta taɓa cewa komai ba. Na hau na ci gaba, don ba abin da zan iya yi da wannan tunanin.

Haka muka yi mako shida. Mota ɗaya, tamis ɗaya mu raba biyu, hanya kowa da tata. Muna hira a kan yara da farashin tumatir da ciwon gwiwar Baba. Keke kam ba ma ambatonsa.

Inna ta gane akwai wani abu, don ba a ɓoye mata komai a gidan nan. Ana saura kwana uku ta kira ni ɗakinta, tana ninke kaya. Ta ce, "Auta, ki bar wa yayarki. Me zai ragu a jikinki? Ke yarinya ce." Sai ga Yaya a bakin ƙofa, ta zo ɗaukar yara, ta ji komai. Ta ce, "Inna, don Allah ki fita daga maganar nan. Ni ba bara nake yi ba. In na fi ta, in fi ta. In ta fi ni, ta fi ni." Inna ta ce, "Ni ban san wannan irin wasa ba, da ƙanwa za ta tsere wa yayarta a gaban mutane a tafa mata." Ta ci gaba da ninke kayanta, ba ta sake duban ko ɗayarmu ba.

Ranar tseren mun isa wurin tun gari bai gama wayewa ba. Titi ne a gefen teku, zagaye takwas, da wata gada guda da ake hawa a kowane zagaye, ita ce kaɗai tudun da ke wurin. Mun kai mu arba'in. Yaya ta duba iskar tayoyina da babban yatsanta kamar yadda ta saba, ta gyara min igiyar hula, ta ce, "Ki sha ruwa tun kafin ki ji ƙishi." Daga nan ta koma can gefe ta tsaya, ba ta sake kallona ba.

Zagaye biyar na farko ba abin da ya faru sai turereniya. A na shida, a kan gadar, Yaya ta miƙe ta fice kamar an harba ta. Na san dabararta: ta san in muka kai layi tare na fi ta saurin ƙarshe, don haka so take ta yar da ni tun da nisa. Ba wasa take ba. Na taka da duk abin da nake da shi, numfashina har yana ƙara, na kamo tayarta a saman gadar da ƙyar. Wasu biyu suka biyo mu, ɗaya 'yar ƙungiyarmu, ɗaya 'yar wata ƙungiya daga Riyad. Muka zama mu huɗu, sauran suna baya.

Na manne a inda na saba. Ba a yi minti ɗaya ba Yaya ta kauce gefe ta daka min tsawa da Hausa, "Ja mana! Jakarki ce ni?" Na shiga gaba na sha iskar rabona, na kauce, ta Riyad ta karɓa. Haka muka yi ta karɓa-karɓa. A zagaye na bakwai Yaya ta sake gwadawa a kan gadar. A na takwas ma ta sake. Kowane karo sai na ga kamar ta tafi ke nan, kowane karo kuma sai in ga tayar nan ta dawo gabana. A na ƙarshen na ji yadda take numfashi, na san ta ƙone abin da ke gare ta.

Da muka sauko gadar ana hango layi. Ta Riyad ta fara tashi, ba wadda ta iya kamo ta. Yaya ta bi ta, ni ina bayan Yaya. Na ji yatsuna suna neman birki da kansu. Na janye su, na damƙe ƙarfen kan keken da hannu biyu har farcena ya shige tafina, na fito ta hagu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. Shekara uku muna hawa tare, ban taɓa ganin fuskar Yaya tana tuƙi ba, bayanta kawai na sani. Da na zo daidai da ita na gan ta: baki a buɗe, gishirin gumi ya yi fari a kumatunta, jijiyar wuyanta ta tashi. Ta yi kama da Inna sosai. Ba ta dube ni ba, layin take kallo, tana takawa da gaskiyarta. Na wuce ta. Na zo ta biyu, ta zo ta uku, tsakaninmu bai fi tsawon keke ɗaya ba.

Na ɗauka za ta rungume ni, ko ta zage ni, ɗaya daga ciki. Ta sauka ta jingina keken da shinge, ta sunkuya ta dafa gwiwoyinta ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta miƙo min hannu ta ce, "Mabruk," wato barka da Larabci, irin yadda ta ce wa ta Riyad. Kabtin ta zo ta dafa kafaɗata ta ce in zo ofis ranar Lahadi. Ta juya za ta yi wa Yaya magana, Yaya ta ce, "Ba sai kin ce komai ba, Kabtin. Na gani da idona."

Muka kamo hanyar Rusaifa. Ita ke tuƙi. Ba mu tsaya sayen tamis ba. Inna na zaune a falo da muka shiga, ta dubi fuskokinmu ta ce da ni, "Kin wuce ta ke nan." Na ce e. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri," ta tashi ta shiga kicin.

Yaya ta rataye kekenta a bangon baranda. Da farko ta ce hutawa take, daga baya ta daina cewa komai, ƙura ta rufe sirdin. Ba ta yi gaba da ni ba, kada in yi mata ƙarya. Tana gaishe ni, tana aiko min da abinci, ranar da za a fara fita da mu waje ita ta kai ni filin jirgi. Amma tsokanar nan tata, "malalaciya", "katifa", duk ta daina. Ta koma yi min magana da ladabi kamar baƙuwa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na yi kuka a kai ba sau ɗaya ba. Wani lokaci kuma haushi ya kama ni in ce a raina, ba ke kika ce kada in taɓa birki ba? Na yi abin da kika ce, me kuma kike so? Amma na san amsar. Ta so in yi tseren da gaskiya, kuma ta so ta ci. Duka biyun gaskiya ne, ɗaya kawai ta samu.

Na koma zuwa Arfa ni kaɗai a ranakun da ba na Jidda. Na iya shan iska yanzu, ba ta ba ni tsoro. Sai dai har yau in na sunkuyar da kai a kan dogon titin nan, idona yakan nemi taya a gabana.

Da mausim ya zo, tawagarmu za ta tafi atisaye a kan duwatsu inda ake sanyi. Na roƙi Kabtin ta ba ni kwana shida. Ta ce, "Ke yanzu ƙwararriya ce, me za ki yi a cikin wannan zafi?" Na ce mata aikin gidanmu ne. Tun da Inna ta daina dafa tuwo, ni da Yaya muke yi wa alhazai mata tafinta da jagora, da takardarmu da rigar aiki a kan abaya. Ba mu taɓa fashi ba, kuma ban so a ce shekarar da na wuce ta ita ce shekarar da na fara.

An ba mu tsofaffi mata kusan talatin, yawancinsu daga ƙauyukan Kano da Katsina, wasu ba su taɓa ganin taro ya wuce na kasuwar garinsu ba. Tsarinmu ɗaya ne kullum: Yaya a gaba da tuta a kan sanda, ni a can baya ina ƙirga kawuna ina tattaro masu jan ƙafa. Ranar Arfa muka wuni a tanti muna raba ruwa, muna fassara wa likita ciwon kowa. Da rana ta faɗi aka ce motarmu ba za ta iya shigowa ba, sai mun taka zuwa inda take. Muka jera su, kowace ta kama gefen hijabin ta gabanta, muka fito kan titi.

Titin da muke atisaye ne. Na gane shi da wata darbejiya mai karkataccen wuya inda muke ajiye mota. Yanzu ko kwaltar ba a gani, mutane ne ko'ina, ana talbiya, turakun feshi suna zubo ruwa. Muka yi tafiya kaɗan, sai cunkoson ya tsananta a wata mahaɗa. Tutar ta tsaya. Na ji muryar Yaya ta ratso hayaniyar.

"Auta! Zo nan!"

Na kutsa na isa wurinta, na ɗauka wata ce ta faɗi. Ta miƙo min sandar.

"Karɓi. Kin fi ni tsawo, za su fi hango ta a hannunki."

Na ce, "Yaya, ni ban taɓa..."

"Karɓi, dalla, hannuna ya gaji."

Na karɓa na ɗaga. Ban taɓa tsayawa a gaban taro irin wannan ba tare da bayan kowa a gabana ba. Na rasa ta inda zan sa ƙafa, ko'ina kafaɗu ne da lema da jakunkuna. Ina tsaye ina neman kafa, sai na ji an kama gefen abayata ta dama, an nannaɗe shi a hannu sau biyu, irin riƙon da Inna ta koya mana don kada ya suɓuce. Ban waiwaya ba. Idona ya cika.

Ta ɗan ja yadin ta ce, "To, malalaciya, ja mu mana. In kika taɓa birki a nan, tattake mu za a yi."

Na ga 'yar kafa ta hagu, tsakanin wani mai keken guragu da wasu Turkawa, na shiga.